Jajayen Shanun da Suka Ɓace a Hotona: Ɗaukar Hoto Baƙi da Fari a Tsaunukan Mambilla

Farkon hawana tudun Mambilla da kyamara ya kasance a watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, kuma na tafi da zaton cewa duk wanda ya iya hoto mai launi, baƙi da fari ba zai gagare shi ba, tunda dai launin kawai za a cire. Daga Jalingo muka bi ta Bali zuwa Serti, inda hedikwatar Gandun Dajin Gashaka-Gumti take, sannan daga Mayo Selbe mota ta kama hanyar nan mai kwana-kwana da ke haurawa saman tudu. Burina shi ne in kai Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Nijeriya, mai mita 2,419, wanda ke kan iyakar Kamaru kuma ake kiransa Gangirwal.

A rana ta biyu da fara tafiyar ƙasa muka iske garken jajayen shanu a gefen wani tudu da makiyaya suka ƙona, ciyawa ta yi sabon toho kore shar. A ido babu abin da ya kai wurin kyau, domin jan shanun ya fito rangaɗau a kan koren. Na kafa kyamara a kan maɗorinta mai ƙafa uku, na ɗauka, na duba bayanta, sai na ga shanun sun narke cikin ciyawar, in ban da ƙahoninsu babu abin da ke nuna akwai dabba a wurin. Dalilin kuwa shi ne ja da kore sun sha bamban a launi, amma yawan hasken da suke mayarwa ya yi kusa da juna, kuma hoto baƙi da fari hasken kaɗai yake gani. Na ƙara ɗauka har sau biyar ina sauya wuri, duk kanwar ja ce.

Abin da ya fitar da ni shi ne matacin haske ja. Masu aiki da kyamarar fim gilashi ne suke ɗaurawa a idon kyamara, ni kuma tawa ta zamani ce, a cikin saitinta na zaɓe shi. Jan mataci yana haskaka duk abin da yake ja, ya duhunta kore da shuɗi, don haka shanun suka taso da haske a kan ciyawa mai duhu. Dabarar tsohuwa ce: da ita mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Ansel Adams ya mayar da sararin sama kusan baƙi a hoton dutsen Half Dome da ya ɗauka a Yosemite ta Amurka a 1927, bayan ya fara gwada mai ruwan ɗorawa bai gamsu ba. Daga ranar na saita kyamarar ta riƙa nuna mini baƙi da fari tun kafin in danna, tana kuma adana hoton a tsarin RAW, wanda ke riƙe launukan asali yadda zan iya sake auna su a kwamfuta.

Hazo ne ya fi ba ni wahala, kuma shi ne daga baya ya ba ni hoton da na fi so. Ƙurar hunturu tana shafe nesa, tana mayar da sama fari fat, ta yadda jan matacin ma ba shi da shuɗin da zai duhunta. Kwana biyu ina ɗaukar hotuna masu toka-toka, babu baƙi na gaske, babu fari na gaske, har na fara tunanin asarar kuɗin mota na yi. Jagoranmu, wani dattijo da ya san kowane kwari a wurin, ya ga ina ta tsaki da tsakar rana, sai ya ce, "Malam, ka bar wahalar da kanka, ka jira rana ta karkata, duwatsun za su jeru." Na ce, "To, Baba," ba don na yarda ba. Bayan la'asar sakaliya, da rana ta koma bayan tsaunukan, sai hazon ya rarraba su sahu-sahu: na kusa baƙi ƙirin, na bayansa ya ɗan yi haske, na bayan wancan ya fi shi, har na ƙarshe ya kusa sajewa da sama. Na ƙirga sahu bakwai. A hoto mai launi wannan zai fito kamar rana mai ƙura kawai, amma a baƙi da fari shi ne ya nuna nisan da ke tsakanin dutse da dutse.

A nan kuma na gane kuskurena game da idon kyamara. Na ɗauka faɗin wuri yana buƙatar ido mai faɗi, shi ya sa na dogara da na milimita 24, wanda ya mayar da manyan tsaunuka ƙananan tsibi a can ƙarshen hoto, rabinsa kuma sama ce da babu komai a cikinta. Da na sauya zuwa na milimita 200, mai jawo nesa kusa, sahun duwatsun suka matso suka hau kan juna, girmansu ya dawo.

Ma'aunin hasken kyamara ma ba abin sakar wa ragama ba ne. An gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani toka matsakaiciya, saboda haka idan farin gajimare ya cika kwari da asuba, sai ya rage haske, gajimaren ya fito kamar hayaƙi. Dole mutum ya ƙara haske da hannunsa mataki ɗaya, wani lokaci biyu, yana lura kada farin ya ƙone, wato ya yi fari fat har a daina ganin komai a cikinsa, domin a kyamarar zamani inuwa mai duhu ana iya ceto ta a kwamfuta, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan. Tsarin auna haske da Adams da Fred Archer suka tsara ya kasa hoto gida 11, daga baƙi tsantsa zuwa fari tsantsa. Ban haddace shi ba, sai dai na ɗauki ɗabi'ar tambayar kaina, kafin kowane hoto, ina ne wuri mafi duhu da nake so a ga abin da ke cikinsa.

Sanyin saman tudu kuwa ya cinye mini batir guda cikin dare, tun daga nan nake kwana da su a aljihu. Raɓa ta kan lulluɓe idon kyamara da asuba, kuma gogewa da gefen riga ƙara dagula shi take yi, sai da ƙyalle mai laushi.

Na koma a farkon Nuwamba, bayan ɗaukewar damina, lokacin da iska take garau kuma gajimare ke tafiya da inuwarsa a kan tuddai. A wannan karon na rage yawan ɗauka ƙwarai. Nakan zauna a wuri ɗaya sa'a guda ina jiran inuwa ta rufe tudun gaba, haske ya sauka a na baya, kuma sau da yawa hakan bai faru ba, na naɗe kayana na sauka.

Cikin hotuna sama da 600 na tafiye-tafiyen biyu, tara kawai na kai a wanke. Karon farko injin mai wankin ya fitar da su da ɗan kore-kore a cikin tokar, domin da tawadar launi ya haɗa ta, sai da na nemi wani mai injin da ke da tawadar toka ta musamman. Hoton sahu bakwai ɗin yana rataye a ɗakina. Na shanun kuma na aika wa dattijon ta hannun wani direban Nguroje, wani gari da ke kan tudun, wanda ya dawo mini da saƙon cewa Baba ya gane garken, har ya faɗi rugar da suka fito.