Zama a tsakiyar Kaduna ba mota: tun wurin kama haya ake shirya shi

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa dubu, motoci da yawa a Kaduna suka koma kwana da wuni a ƙofar gida an lulluɓe su da tamfol. Wasu sun sayar da nasu, wasu dama ba su taɓa saye ba. Ana iya zama a garin nan ba mota, har da mai iyali, sai dai ba a kowace unguwa ba. Wanda ya kama gida a inda bai dace ba, kuɗin da ya hana gidan mai a hannun mai keke Napep za su ƙare.

Dalili kuwa shi ne yadda garin ya kwanta. Kaduna doguwa ce, daga arewa ta miƙe kudu, kuma babbar hanya guda ce ke ɗauke da yawancin zirga-zirgarta: daga Kawo a biyo titin Ali Akilu, a shiga Ahmadu Bello Way, a wuce filin wasa, a haye gadar kogi, a kama hanyar Kachia har Sabon Tasha. A kan wannan layi bas da keke suka fi yawa, a nan ne kuma kuɗin hawa ya fi sauƙi saboda ba a daɗe ana jiran cika. In gidanka tafiyar minti goma ne daga bakinsa, hawa ɗaya ya kai ka kasuwa ko ofis. In kuwa can cikin Rigasa kake, ko wata sabuwar unguwa a bayan gari, hawa biyu ne ko uku zuwa, haka ma dawowa, ga jira a kowace mahaɗa. Hayar can ta fi araha, gaskiya ne, amma ka ninka kuɗin motar rana ɗaya sau kwanakin aikin shekara, ka haɗa da na yara, sannan ka kwatanta. Ma'aikacin gwamnatin jiha ya tuna tun Disamba 2021 aka mayar da zuwa ofis kwana huɗu a mako, lissafinsa daban ne da na ɗan kasuwa mai fita kwana shida.

Inda ƙafa ta fi amfani shi ne tsohon cikin gari, kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Turawan mulki ne suka shata titunan wurin a jere bayan an dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, shi ya sa Kano Road da Katsina Road da Lagos Street da Ibadan Street suke gajeru, suna ratsa juna, kowace kwana da shago ko banki ko kemis ko tela. Aibinsa hayaniya da ƙarar janareto, kuma gidajen zama da dama sun koma shaguna. Tudun Wada, Unguwan Shanu, Unguwan Sarki da Kabala Doki sun fi dacewa da mai iyali: cefane a bakin layi, masallaci da islamiyya a kusa. Ɓangaren manya na Unguwan Rimi da Malali kuwa yana ruɗin mutane. Akwai inuwar itatuwa, tafiyar motsa jiki da daɗi, amma katanga ce doguwa bayan katanga, sai ka yi nisa ba ka ga mai tumatir ba, bayan isha'i kuma keke sai an dace.

Tun ran gini ran zane. Kafin ka ba dillali ko sisi, ka taka unguwar da ƙafarka kana duba agogo. Lafiyayyen mutum yana cin kilomita ɗaya a minti 12, da yaro a hannu ko kaya a ka sai 15 zuwa 18. Ka auna daga ƙofar gidan zuwa wurin cefane, masallaci, makarantar yara, kemis ko asibiti, da inda ake tsayar da abin hawa. Duk wanda ya wuce minti 15 a cikinsu, ka sani kuɗin keke ne za ka riƙa biya kullum, don ba wanda ke jure tafiyar rabin awa a ranar Afrilu. Ka je da bakwai na safe ka ga ko ana samun wuri a mota, ka koma bayan isha'i ka ga hasken layin da irin samarin da ke zama a kwanarsa. Maganar ruwan sama kuwa maƙwabta za ka tambaya, ba dillali ba, musamman a gangaren kogi irin su ƙasan Kigo Road, inda ambaliya ta saba shiga gidaje a Agusta da Satumba. In da hali, gida da wurin aiki su kasance gefe ɗaya na kogin. Gadojin kaɗan ne, kuma a bakinsu cunkoson safe da na yamma ke taruwa.

Ita kanta tafiyar tana da ƙa'ida. Aikin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya kawo gefen masu tafiya a ƙasa da fitilu a wurare da dama, ga gadar sama ta Kawo da hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Leventis. Sai dai titi in ya yi faɗi direba gudu yake ƙarawa, gefen masu ƙafa kuma 'yan tebur da masu ajiye mota sukan cinye shi. Inda dole ta sa ka sauko kan kwalta, ka bi hannun hagu kana fuskantar motocin da ke tahowa. Titi mai hannu biyu a zango biyu ake tsallaka shi: ka kai tsakiya ka tsaya, ka sake dubawa. Ko a hannun da mota ba ta kamata ta fito ba ka waiga, domin mai keke da mai babur sukan yi saɓa-hanya don gudun zagaye. Kada ka tsallaka a daidai bakin shataletale, hankalin direba yana kan motar da ke shigo masa. Marfin kwata ma abin lura ne, wani ya tsage, wani an ɗauke shi, kuma in ruwa ya malale titi ba ka gane inda ramin yake. Gara ka fake minti ashirin ruwan ya janye.

Daga Maris zuwa farkon Mayu duk wata doguwar tafiya a gama ta kafin goma na safe ko a bar ta sai bayan la'asar. Da damina lema mai naɗewa da leda ta saka waya da takardu ba sa barin jaka. Da hunturu kuwa takunkumi ga mai asma. Takalmi mai taushin ƙasa ya fi silifas, wanda zai je ofis sai ya ajiye na ado a can.

Keke mutum uku yake ɗauka a baya, direba ya ƙara ɗaya a gefensa. A yi ciniki kafin a hau, a kuma fayyace ko hawan layi ne ko shata, don nan rigima ta fi tashi wurin sauka. Ka riƙe canji, dubu ɗaya da sassafe fitina ce. Wanda ya zauna a bakin ƙofa kada ya fito da waya, masu fizge suna jiran wurin da keke ke rage gudu. Acaɓa kuwa kada a gina tsarin rayuwa a kansa: an hana shi a cikin gari a 2014, a Satumba 2021 ma aka dakatar da babura gaba ɗaya na wani lokaci saboda tsaro, aka kuma taƙaita keke daga shida na safe zuwa bakwai na yamma.

Kaya ne ke sa mutane kewar mota, alhali sau ɗaya ne a wata. Buhun shinkafa kilo 50, jarkar mai, katan ɗin taliya da sabulu a haɗa su rana guda, mai baro ya fito da su bakin titi, a yi shatar keke ɗaya har ƙofar gida. Ka bi mai baron kafaɗa da kafaɗa a cikin kasuwa, cunkoso na raba mutum da kayansa. Hatsi da busassun kaya sukan yi sauƙi ranar Talata a kasuwar Kawo. Kayan miya kuwa na kwana biyu ya isa, tunda wuta ba ta da tabbas balle a dogara da firji. Tukunyar gas mai cin kilo 12.5 in ta cika nauyinta ya kai ninki biyu na haka, ba abin ɗauka a ka ba ne, kuma a tsaye ake ɗora ta a keke. Mai tukunya biyu ba ya fita neman gas da dare. A tambayi ruwan gidan ma tun farko, jarka mai lita 25 kilo 25 ce, in ba rijiya ko burtsatse sai cinikin 'yan ga-ruwa kullum.

Babban abin tsoro shi ne dare: naƙuda, yaro ya shiɗe, ciwon tsoho ya tashi. Lambar direba biyu ko uku ake ajiyewa, waɗanda a unguwar suke kwana, don wanda zai taso daga ƙetaren gada da ƙarfe biyu na dare ba zai zo ba. A yi magana da maƙwabci mai mota tun lafiya lau, in ya kai ku kuma a zuba masa mai ko da ya ce a bari. In layinku 'yan sintiri na rufe shi da dare, ka san wanda ke riƙe da makulli. Mai ciki ta yi awo a asibitin da ya fi kusa, jakar haihuwa a haɗe tun wata takwas, da tsabar kuɗi a ciki, saboda mai POS ya tashi kuma tura kuɗi ta waya na iya maƙalewa.

Fita gari ba ta da wuya. Zariya da Kano a tashar Kawo ake hawa, da safe mota ta fi saurin cika. Abuja kuma ga jirgin ƙasa da ke tashi daga Rigasa tun 2016, ana yankar tikitinsa ta intanet. Tashar tana da nisa daga tsakiyar gari, hanyar kuma ta ratsa cikin kasuwanni, don haka mai jirgin safe ya shirya da mai kekensa tun daren jiya, ya bar gida da ratar awa ɗaya da rabi.