Shafi Ɗaya Da Ya Tona Asirin Littafina

Na shafe shekara biyu ina rubuta labari, da na kai ƙarshe sai na ce to, saura a buga. Ashe da sauran rina a kaba. Manyan kamfanonin ɗab'i na Amurka da Ingila galibi ba sa duba rubutun da marubuci ya aiko da kansa, sai ta hannun wakili, wato ejan na marubuta. Da ɗan gari akan ci gari. Shi kuma wakilin ba littafin yake fara karantawa ba. Wasiƙa yake so wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba, wani lokaci haɗe da shafukan farko kaɗan.

Na raina aikin. Mutumin da ya cika ɗaruruwan shafuka, shafi ɗaya ne zai gagare shi? Ya kuwa gagare ni. Abu uku wasiƙar ke bukata: wane ne jarumin, me yake nema, me zai rasa idan bai samu ba. Na farko na amsa nan take. Na biyu na yi ta kame-kame. Na uku kuwa, na zauna sati guda ban rubuta layin kirki ba, domin gaskiya babu abin da jarumina zai rasa. Yawo kawai yake daga babi zuwa babi, yana tunani mai zurfi cikin jimloli masu daɗi. Maimakon in tsaya, sai na yi wa wasiƙar kwalliya na watsa ta ga wakilai da yawa a rana ɗaya. Wasu sun amsa da layi biyu na ban haƙuri, akasarinsu ko uffan. Shirun nan ma amsa ce, da yawansu sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa in makonni sun wuce ba ka ji komai ba, ka ɗauka a'a ce. Ni ban ma karanta ƙa'idojin ba, har na aika wa wata da littattafan yara kawai take karɓa.

Na daɗe ina ɗora wa wasiƙar laifi, alhali ita madubi ce kawai. Da na haƙura na koma kan littafin, sai na ga labarin bai fara ba sai a babi na huɗu; ukun farko duk share fage ne da tarihin kakanni. Na cire su, raina na ƙuna, don a nan jimlolin da na fi alfahari da su suke. Na kuma rage tsawonsa, tunda littafin farko na manya yawanci tsakanin kalma 70,000 zuwa 100,000 ake so, nawa kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Sannan na karanta shi da babbar murya daga farko har ƙarshe. Duk inda harshena ya sarƙe, jimlar ce ba ta zauna ba. Duk inda na ji kunyar furta maganar wani daga cikin mutanen labarin, to ba mutum ke magana ba, ni ne na cusa masa bayani a baki.

A zagaye na biyu kaɗan-kaɗan na riƙa aikawa, biyar ko shida, in jira. In babu wanda ya nemi ƙarin shafuka, matsalar tana wasiƙa ko buɗewar labari. In sun nemi cikakken littafi sannan suka ƙi, matsalar tana cikin littafin. Ko ba komai, ƙin ya zama yana gaya mini wani abu.

Batun kuɗi a taƙaice yake. Wakili na gaskiya ba ya karɓar ko sisi daga hannunka. La'ada yake ci bayan ya sayar, yawanci kashi 15 cikin ɗari, ko 20 a haƙƙin fassara da na ƙasashen waje, irin cinikin da ake ƙullawa a baje kolin littattafai na Frankfurt a Jamus duk watan Oktoba. Wanda ya ce ka biya kuɗin karatu tukuna, kama gabanka. Kafin alƙalamin da kamfani ke bayarwa kuma ba kyauta ba ce. Kashi-kashi ake biyan sa, kuma ba za ka ƙara ganin komai ba sai kasonka na ciniki ya cike shi. Saboda haka ban bar aikina na albashi ba, ba na kuma ba kowa shawarar ya bar nasa.

Ranar da wata wakiliya ta kira ni, na shirya amsoshi a kan littafin da ke hannunta. Mun ɗan taɓa shi, sai ta tambaye ni me nake rubutawa yanzu. Allah Ya taimake ni, a watannin jiran nan na gaji da leƙa imel, na fara wani. Na gaya mata labarinsa a jimla uku, ban yi in-ina ba.