Ranar da Jiki Ya Yi Sauƙi: Shawara ga Matasa Masu Fama da Ciwon Fibromiyaljiya

Ƙannena, akwai da yawa daga cikinku, musamman mata, da kuke kwana ku tashi da ciwon jiki wanda ya ƙi tafiya, kun je asibiti an ɗebi jini, an yi hoto, sannan aka dube ku aka ce komai lafiya lau. Na daɗe a cikin wannan hali kafin wani likitan gaɓɓai ya shaida mini cewa abin da ke damuna shi ne fibromiyaljiya. Da na waiwayi shekarun da suka wuce, sai na ga rabin wahalar da na sha daga ciwon ta fito, ɗaya rabin kuwa daga yadda na tafiyar da shi ne, kuma a kan wannan rabi na biyu nake so mu yi magana.

Fibromiyaljiya ciwo ne da yake mamaye jiki, sama da ƙasa, dama da hagu, ya haura wata uku, tare da gajiya mai nauyi, da barcin da mutum yake tashi daga gare shi kamar bai runtsa ba, da wata irin mantuwa wadda za ka shiga ɗaki ka tsaya kana tunanin abin da ya kawo ka. Masana sun fi karkata ga cewa matsalar tana cikin yadda laka da ƙwaƙwalwa suke karɓar saƙon jijiyoyi, domin suna ƙara masa ƙarfi har taɓawar da ba ta isa komai ba ta koma raɗaɗi. Wannan ne ya sa gwajin jini da hoto ba sa nuna shi. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta fitar da ma'auni na danna wurare 18 a jiki, idan 11 suka yi zafi a ce shi ne, amma a 2010 ta sauya zuwa duba yawan sassan da ke ciwo da tsananin gajiya da matsalar barci. Ana ƙiyasta cewa mutum 2 zuwa 4 cikin 100 suna da shi. Kafin a tabbatar, likita nagari yakan bincika ƙarancin jini, da matsalar tairod (wata halitta da ke gaban wuya), da ƙarancin bitamin D, da amosanin gaɓɓai, da cutar lufus (wadda garkuwar jiki ke juyawa ta yaƙi jikin), domin dukkansu suna iya zuwa da kamanninsa.

Kafin in kai ga wannan likita, duk lokacin da jikina ya rikice sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifod, in sha magani, in koma gidan jiya. Da na gaji sai na zama 'yar gida a wani kemis na unguwarmu, inda ake ƙulla mini haɗi a farar leda, ƙwayoyi kala-kala ba kwali ba suna, a ce in sha safe da yamma. Na ji daɗinsa ƙwarai a farko. Fuskata ta cika ta yi zagaye, har mata a gidan biki suna yi mini barka da ƙiba, alhali kumburi ne irin wanda maganin deksametazon da danginsa suke kawowa. Daga baya cikina ya fara zafi da dare, aka ce gyambon ciki ne, kuma sanannen abu ne cewa magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen idan aka daɗe ana shansu suna cin ciki, suna kuma taɓa ƙoda. Abin takaicin shi ne waɗannan magunguna na rage kumburin cikin jiki ne, shi kuwa fibromiyaljiya ba kumburi ke kawo shi ba, saboda haka na ɗauki illarsu ban samu amfaninsu ba.

Game da tiramadol da kodin kuwa, kowa ya san abin da suka yi wa matasan Arewa, har gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Mai ciwo na kullum yana cikin haɗarin faɗawa wannan rami fiye da kowa, domin shi yana da hujjar da zai ba kansa. A 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta shawarci likitoci da kada su fara ba masu irin wannan ciwo magungunan da suke cikin dangin tiramadol da kodin, saboda babu gamsasshiyar shaida cewa suna taimakawa a kan dogon lokaci, ga kuma jaraba.

Maganin da likitana ya rubuta mini shi ne amitriptilin, ɗan kaɗan, da dare. Da na buɗe takardar cikin kwalin na ga an ce na ciwon damuwa ne, sai raina ya ɓaci, na ɗauka shi ma ya shiga sahun masu ganin taɓin hankali ke damuna, na ajiye shi ban koma ba sai bayan watanni. Ashe a wannan ƙaramin awo aikinsa shi ne gyara barci da rage kaifin jijiyoyi, kuma yana bukatar makonni kafin a ga tasirinsa. Yana busar da baki, yana sa nauyin kai da safe, amma waɗannan abubuwa ne da ake komawa a gaya wa likita ya daidaita awo ko lokacin sha. Akwai kuma duloksetin, sannan da pregabalin wanda Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 2007, sai dai shi ma jiki yana sabawa da shi, ba a saye shi a kemis bisa shawarar ƙawa, ba a kuma yanke shi lokaci guda.

Duk da haka, abin da ya fi kayar da ni shi ne ranar sauƙi. Mai wannan ciwo yakan wayi gari wani lokaci ya ji jikinsa sakayau, sai kunyar ayyukan da suka taru ta kama shi. Ni a irin wannan rana nakan fito da wankin da ya taru in durƙusa a kansa, in share tsakar gida, in ɗebo ruwa, in tafi kasuwa, da yamma in leƙa gidan suna don kada a ce na yanke zumunci. Washegari ko ɗankwali ba na iya ɗaga hannu in ɗaura, sai in kwanta kwanaki, ayyuka su sake taruwa, in sake jiran ranar sauƙi in maimaita. Na yi shekaru ina wannan zagaye ina ɗora laifin a kan ciwon. Ƙarfin jikin mai fibromiyaljiya kamar kuɗin cefane yake, idan ka haɗa na yau da na gobe da na jibi ka kashe a kasuwa ɗaya, to sauran kwanakin a bashi za ka yi su.

Abin da ya fitar da ni shi ne koyon tsayawa tun ciwo bai taso ba, kuma wannan ya fi komai wuya, domin hankali ba ya son barin aiki a rabi alhali jiki yana cewa zai iya. Yanzu wanki nakan raba shi, in yi kala kaɗan ina zaune a kujera, bokitin a kan benci yadda ba zan sunkuya ba. Nakan sa ƙararrawar waya, idan ta buga in tashi in miƙe ko da kumfa a hannuna. Ruwa a ƙaramar jarka nake ɗauka, daka kuwa na bar wa inji. Idan biki ya zo, nakan zaɓi taro ɗaya in je in zauna kaɗan, sauran in yi waya in ba da haƙuri. Wasu sun ji haushi, amma ko a da da nake zuwa ko'ina ba su daina ƙorafi ba.

Kada wannan ya sa ku ɗauka kwanciya ce mafita, domin na gwada ta ita ma. Akwai lokacin da tsoron ciwo ya sa na daina kowane motsi, sai tsokata ta saki, hawa 'yar matattakala ya koma aiki, ciwon kuma ya ƙaru. A shawarwarin da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta wallafa a 2017, motsa jiki ne kaɗai ya samu goyon baya mai ƙarfi a cikin duk hanyoyin da aka auna. Ana farawa da tafiyar minti biyar bayan la'asar, a riƙe ta ko a ranar da jiki ya ƙi, kada kuma a ninka ta a ranar da ya yarda, sai bayan mako ɗaya ko biyu a ƙara kaɗan. A lokacin hunturu wanka da ruwan ɗumi kafin fita yana sassauta mini jiki sosai. Barci kuwa yana son lokaci tsayayye, kuma tun da na daina shayi da goro bayan la'asar, na kuma daina kwanciya da waya a hannu, na ga bambanci.

Za ku ji maganganu. Za a ce ragwanta ce, za a ce sammu ne ko iska, za a ce wa budurwa idan ta yi aure zai wuce. Na kashe kuɗi masu yawa a kan jiƙe-jiƙen da ban san abin da ke cikinsu ba don kawai a ga ina neman magani. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma ba kowa ne ya wajaba ku gamsar ba, ya isa ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu a gida, ku tafi da su wurin likita su ji da kunnensu. Na kuma daɗe ina tilasta wa kaina tsayuwa a sallar tarawihi saboda idon mutane, alhali Annabi (SAW) ya ba Imrana ɗan Husaini izinin yin salla a zaune idan tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe idan zaman ma ya gagara. Batun azumi da lokacin shan magani, ku haɗa shawarar likita da ta malami tun kafin watan ya kama.

Ku nemi ƙaramin littafi kuna rubuta awannin barcinku, da aikin da kuka yi, da yadda jiki ya kwana, domin likitocin gaɓɓai ba su da yawa a ƙasar nan, galibinsu a asibitocin koyarwa suke, kuma 'yan mintunan da za ku samu da su ba sa isar mai mantuwa ya tuna komai. Idan damuwa ta yi nauyi har kuka fara yanke ƙauna da rayuwa, ku faɗa musu kai tsaye, domin tana yawan tafiya tare da wannan ciwo kuma tana da magani. Sannan kada ku jingina kowane sabon abu ga fibromiyaljiya. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, zazzaɓin da ya ƙi sauka, ramewa ba dalili, mutuwar hannu ko ƙafa, ciwon ƙirji, baƙin bayan gida, duk waɗannan kada a ɗauka nasa ne, kuma da zarar an gan su sai a nufi asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ta komawa ba.