Anti ta juya min dif ɗina

Lahadi da daddare

Kowa ya kwanta, ni kuma na san in ban zauna na rubuta abun nan ba haka zan kwana ina juyi a gado, dan tun a mota yake cina.

Yau ne Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka. Kun dai san ni ba ruwana da ƙwallon nan tasu da ake runguma a ƙirji a yi ta gudu ana ture juna, amma Oga da abokansa sun mayar da ita kaman farilla, duk shekara sai an haɗu a gida ɗaya, bana kuma gidan su Maman 'Yan Biyu ne a Katy, can gefen Houston. Tun Laraba aka raba girki a gurup, masu gida jalof da kaza, Amarya samosa, Anti masa da miyar taushe kaman kullum, ni kuma na ce dif mai hawa bakwai, wato abun dangwala cips, zan kawo tunda na san Asabar aikin awa 12 ne da ni kuma ƙafafuna ba za su ɗauki tsayuwar gaban wuta ba. Kowa ya ce toh. Anti ta rubuto "Allah ya ba da iko", wanda ni dai na san abun da take nufi da shi.

Da safe na leƙa babban kantin H-E-B, cike maƙil, kowa ya loda cips da lemo kaman gobe za a rufe gari. Fiya kuwa an tsiba ta tun daga bakin ƙofa, irin Hass ɗin nan mai baƙin bawo da ake kawowa daga Michoacán ta Meksiko, a makon nan ne suke cinikinta na gaske. Na tsaya ina latsa su ta wajen hanci har na samu huɗu da suka nuna ba su lugwigwice ba. Masu tambayata wane waken gwangwani nake saye, dan Allah ku riƙa juya gwangwanin kuna karanta bayansa, wanda aka rubuta na gargajiya sau da yawa da kitsen alade aka soya shi, ku nemi wanda aka ce na masu cin ganye ne, shi man girki ne kawai a ciki. Kala ɗaya, kuɗi kusan ɗaya, a jere suke a kanta ɗaya, in kana sauri sai ka ɗauko wanda ba shi ba.

Haɗin kuwa ni da Ummi muka yi, kuma wlh mun ji daɗin safiyar nan. Kwanon gilashin nan nawa mai inci 9 da 13 na ɗauko. Wake gwangwani biyu masu auns 16, na zuba masa garin kayan ƙamshin tako da ɗan ruwan salsa, haɗin tumatir da yaji ɗin nan, dan ya saki, na shafe ƙasan kwanon da bayan cokali. Ummi ta dame fiyar da cokali mai yatsu, lemun tsami, gishiri, 'yar albasa, muka shimfiɗa a kai. Sawa kirim ɗin, farin kirim ɗin nan mai tsami, a leda nake zuba shi in yanke bakin ledar in riƙa matsowa layi-layi sannan in baje, in ka ce da cokali za ka ɗora kai tsaye sai ya kwaso koren ya ɓata maka farin, kuma dole ya kai har jikin gilashin ta ko'ina dan shi ne murfin fiyar, iska na taɓa ta take fara baƙi. Salsar tun farko na juye ta a rariya ta tsane, in ba haka ba kafin ku isa inda za ku ruwa ya kwanta a ƙasa. Sai cis, wato cuku, sai baƙin zaitun yankakke, sai lawashi a sama. Ko minti 30 ba mu yi ba, ko ashana ba a ƙyasta ba. Ummi ta bi gefen gilashin da tishu tana gogewa a hankali har da fito da harshe, Auta ya durƙusa ya leƙa ta gefe ya ce kore da fari da ja, tutar Meksiko, ashe ana koya musu wani abu a makarantar nan. Ya yi kyau fa. Ba dan ni na yi ba, ya yi kyau. Na ce hoto sai mun isa, kantar kicin ɗin Maman 'Yan Biyu fara ce sol ga haske.

A cinya Ummi ta riƙe shi tun daga gida har Katy, duk inda mota ta ɗan girgiza a titin Westpark sai ta ce "Abba a hankali mana".

Mun isa an fara wasan ke nan, wajen 5:30, maza duk sun cika falo. Na ajiye kwanon a tebur na cire ledar na jera cips a gefe, aka tsaya gaishe-gaishe, ya gida ya yara ya sanyi, kafin in waiga shida ta gota Magariba ta yi, na ce bari in hau sama in yi salla in dawo in ɗau hotona a natse.

Ina saukowa na hango bayan Anti a gaban tebur ta naɗe hannun riga, kafaɗarta na motsi. Ludayin miya ne a hannunta. Tana juyawa tun daga ƙasa, tana kwasowa tana kifewa, ta bi kusurwa-kusurwa ta kankare dan kar wani waje ya tsira. Ummi na tsaye a gefenta da cips ɗaya a hannu ko motsi ba ta yi.

"Yauwa Maman Ummi, zo ki gani, na ƙarasa miki. Na ce yarinyar nan gajiya ce ta hana ta cakuɗawa. Komai zaune a inda aka ajiye shi, waken can ƙasa shi kaɗai ko gishiri bai gani ba."

Na ce "Anti ai dama haka ake..."

"Haka ake me? Wanda ya fara ɗiba ya ci zallan ganyen albasa, na ƙarshe ya ci zallan wake? Ina adalci a nan? Ai kwaɗo ne, na Turawa dai, kuma ban taɓa ganin inda aka ci kwaɗo ba a cuɗa ba. Wannan farin kindirmo ne?"

Na ce eh kusan shi ne.

"Na ji tsaminsa. Ummi miƙo min jakata."

Ta zaro robar yajinta, wannan na ƙuli da take ji da shi, wanda ƙanwarta ke aiko mata daga Zariya, ta barbaɗa son ranta, ta murmushe dunƙule ɗaya a kai, ta ƙara juyawa, ta lakata a bayan hannu ta ɗanɗana ta gyaɗa kai. Kore da fari da ja duk sun tafi, abu ya koma kalar ƙasa, zaitun na leƙowa nan da can.

Ni kuma me na ce? Na ce "Kai Anti sannu, an gode, Allah ya saka da alheri." Har da dariyata. Har da karɓar ludayin in kai mata sink.

Abun da ya ƙara ƙular da ni, kafin a tafi hutun rabin lokaci kwanon nan ya koma fes. Maza suka yi ta zarya, har na ga Baban 'Yan Biyu ya ajiye cips ya koma dangwala da masa, sauran suka bi shi. Sai ji kake "Anti hannunki akwai albarka", "Anti wannan miyar fa?", ita kuma tana cewa a'a na Maman Ummi ne ni gyarawa kawai na yi. Gyarawa. Na ɗanɗana ni ma da ba kowa a wajen, kuma ba zan yi ƙarya ba yajin ƙuli da fiya suna shiri sosai, ban taɓa kawo haɗin a raina ba. Amma wani abinci ne daban. Shi mai hawa-hawan daɗinsa shi ne cips ɗin ya ratsa ta sanyin kirim ya bi ta tsamin salsa ya je ya taɓo wake, kowace loma da yadda take zuwa, wata fiya ta fi yawa wata cis. In aka dama duk loma ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ga fiyar ta sha iska ta fara duhu tun ana ci, ga gishirin dunƙule ya jawo ruwa ya taru a gefe. Maganar adalcin nan ma tana da amsa, ai shi ya sa ake yinsa a kwano mai faɗi mara zurfi, dan duk wanda ya dangwala ya kai ƙasa. Amsar nan sai da muka hau titi ta zo min, lokacin Anti na gidanta.

A motar ne Ummi ta yi min tambayar. Shiru ta yi tun da muka taso, kwanon na cinyarta, can sai ta ce da Hausarta mai karkacewa, "Mami me ya sa kika ce an gode?"

Oga ya yi dariya ya ce ke dai ba ga shi an cinye ba, ai dama ciki ɗaya za shi, can ma haɗuwa zai yi. Na harare shi ya mayar da ido titi.

Na ce mata ba a yi wa babba musu a gaban mutane.

"Ko ya ɓata maka abu?"

Na ce ba ɓatawa ta yi niyya ba.

"Amma ke kika ce in wani ya taɓa min abu a makaranta in faɗa masa ban so."

Na ce wannan daban. Ta ce ta yaya. Na ce Ummi dare ya yi. Ta juya tana kallon waje, daga nan ba ta ƙara magana ba har gida, ta ajiye kwanon a sink ta haye sama ko sai da safe babu.

Toh ta yaya ɗin? Ni kaina tun ɗazu nake juya shi. Matar nan lokacin haihuwar Auta da Umma ba ta samu biza ba ita ta tare a gidana, ita ta riƙa dafa min ruwan wanka tana tsaye a kaina sai na yi, ita ta dama min kunun kanwa, ta goya Ummi, ta yi wa Oga faɗa da ya ce in koma aiki da wuri. Ban haɗa komai da ita ba sai yare da garin da muka baro. Mutumin da ya yi maka wannan za ka tsaya a gaban mutane ka ce masa ajiye ludayin nan, a kan waken gwangwani? Ba zan iya ba, kuma ko gobe aka maimaita na san abun da zai fito bakina ke nan. Haka aka tarbiyyantar da mu, kara da kawaici, kuma ban ɗauke su abun banza ba, su ne suka sa take zuwa gidana ba sai na kira ba. Amma kuma ina tunanin da ni ce na ɗau miyar taushenta na juye a kan masar nan gaba ɗaya na dame na ce na gyara mata, masar da tun daren jiya ta jiƙa shinkafarta ta tashi da asuba tana juyawa a tanda ɗaya bayan ɗaya, wlh da har Zariya sai an ji labarina. Nata girki ne, nawa kuwa tunda ba a ɗora tukunya ba bai kai a tambaye ni ba. Ina ga abun da ke cina ke nan, ko tambaya babu. Da ta ce Maman Ummi in juya? wataƙila ma in ce juya Anti.

Kuma ba ni kaɗai na yi shi ba. Yarinyar nan ita ta goge gefen gilashin, ita ta riƙe shi a cinya tun daga gida, tana tsaye aka dame shi, sannan ta ji uwarta na godiya. A makaranta ana ce mata ta buɗe baki, ni ma ina ce mata ta buɗe baki dan na ga yadda ake taka mai shiru a ƙasar nan, a wajen aiki ni kaina ba na raga wa kowa. Sai mun shiga cikin namu in koma wata. Ban san yadda zan yi mata bayanin cewa duka biyun ni ce ba, kuma ban tabbata ina so ta koyi na biyun kaman yadda na koye shi ba. Ban kuma so ta tashi ta zama yarinyar da za ta ce wa Anti ajiye ludayi.

Mtsw. A kan dif.

Wasan kuwa ban san ma wa ya ci ba, na dai ji ihu, Oga ya dawo fuska a sake toh ina ga nasu ne. Auta ya yi barci da takalmi a ƙafa. Amarya ko samosarta ba ta taɓa ba, lemun tsami take ta tsotsa a kicin, ni dai ban ce komai ba. Maman 'Yan Biyu ta cika min roba da jalof, abincin makarantar gobe ya samu. Azumi saura kaɗan ban sayi ko gero ba, sai na shiga shagunan titin Bissonnet cikin satin nan.

Yanzu ina cikin rubutun nan saƙon murya ya shigo daga Anti, minti biyu da wani abu. Ta ce mun isa lafiya, ta ce a shafa mata kan yara, ta ce abun nan nawa ya karɓu sosai Alhaji ma ya yaba, in Allah ya kai mu shan ruwan farko da za a yi a gidanta in yi babban kwano biyu. Wai kuma kar in wahalar da kaina da jerawa, in kawo kayan kawai ita za ta haɗa.

Na saurara, alamar ta riga ta koma shuɗiya ta san na ji. Sai da safe zan amsa.