Jitocin Muddy Waters da amfilifayarsa: yadda ake tantance su

Duk mai son sanin jitar da Muddy Waters, mawaƙin blues ɗan Amurka, ya kaɗa a wata waƙa, abu na farko da yakan yi shi ne duba hoton bangon faifai, kuma a ganina nan ne mutane da yawa suke yin ɓatan kai. Misali mafi shahara shi ne kundin da aka ɗauka a bikin jazz na Newport a ranar 3 ga Yuli, 1960. A bangonsa ana ganin Muddy riƙe da wata babbar jita mai rami a ciki, alhali ba ita ya kaɗa a ranar ba. Tasa, wato Fender Telecaster, ya bar ta a kan dandamali, da mai ɗaukar hoto William Claxton ya buƙaci ya tsaya a ɗauke shi sai ya ari ta abokinsa John Lee Hooker. Saboda haka ni nakan fara da tambayar shekara: yaushe aka ɗauki waƙar, kuma wane kaya ne ya riga ya shigo kasuwa a lokacin?

Sunan Muddy na yanka McKinley Morganfield, kuma ya tashi a gonar Stovall kusa da Clarksdale a jihar Misisifi, inda Alan Lomax ya naɗi muryarsa a 1941 da 1942 domin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. A waɗancan naɗe-naɗen jitar katako ce zalla, babu lantarki. Da ya koma Shikago a 1943 ya tarar cewa hayaniyar gidajen rawa tana danne sautin katako, dole ta sa ya koma ga lantarki. Hotunan ƙarshen shekarun 1940 suna nuna shi da jitar Gretsch mai rami wadda aka maƙala wa na'urar maganaɗisu ta DeArmond, mai ɗaukar girgizar tsirkiya ta miƙa wa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti. Wannan ya isa ya warware wata gardama da aka saba yi: waƙar "I Can't Be Satisfied" ta fito ne a 1948 a kamfanin faya-fayai na Aristocrat, wanda daga baya ya zama Chess, ita kuwa Telecaster ba ta samu wannan suna ba sai 1951, don haka babu yadda za a yi a ce ita ake ji a ciki. Haka ma Gibson Les Paul mai ruwan zinariya da aka gan shi da ita a wasu hotuna, kamfanin bai fito da ita ba sai 1952.

Jar Telecaster ɗinsa ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin da ita ya ƙarasa rayuwarsa ta kiɗa, kuma ita kanta haɗe-haɗe ce. Gangar jikinta ta ƙarshen shekarun 1950 ce, kuma jan fentin daga baya aka yi mata shi. Wuyanta ma ba na asali ba ne: fuskarsa ta katakon rosewood ce mai duhu, irin wadda Fender bai fara sa wa wannan samfurin ba sai 1959. Alamar da ta fi saurin fallasa ta a hoto ko bidiyo ita ce maɓallan murɗa sauti guda biyu. Na Telecaster na asali ƙarfe ne mai sheƙi marar rubutu, amma nata baƙaƙe ne masu lambobi daga 1 zuwa 10, irin na jikin amfilifayar Fender. Wanda ya ga jan jiki da wuya mai duhu da waɗannan baƙaƙen maɓallai a tare, ba ya buƙatar wata shaida. An taɓa baje kolinta a gidan tarihin Rock and Roll Hall of Fame da ke Cleveland. A tsakiyar shekarun 1960 ya ɗan riƙe Guild Thunderbird, mai wani irin jiki karkatacce da ba a rikita shi da na kowa, amma bai daɗe da ita ba.

Batun amfilifaya ya fi wuya, saboda a bayan makaɗi take zama, sau da yawa ƙafar wani ko gangar mai kiɗa ta kare ta. Wadda aka fi saninsa da ita ita ce Fender Super Reverb, mai lasifika huɗu masu faɗin inci 10 kowace, da ƙarfin kimanin wat 40. A bidiyo ana gane ta da tsayinta, kusan murabba'i take, saɓanin Twin Reverb mai lasifika biyu wadda ta fi faɗi da gajarta. Sai dai ita ma a 1963 ta fito, wato ƙarar da ta firgita masu sauraro a Ingila a ziyararsa ta 1958 ba daga gare ta ta fito ba. Kaushin da ake ji a faya-fayansa na farko kuwa, aikin ƙananan amfilifayoyi ne masu kwalaben lantarki, waɗanda idan aka murɗa su har ƙarshe sai sautin ya fara tsagewa.

Akwai kuma tarkon da kunne ke faɗawa. Ba kowace jita da aka ji a faifan Muddy ba ce tasa, domin a wasu waƙoƙin tsakiyar shekarun 1950 ya ajiye jita ya bar wa makaɗansa Jimmy Rogers da Pat Hare, shi yana rera waƙa kawai. Hannunsa ana gane shi ne da ɗan gajeren bututun ƙarfe da yakan sa a ƙaramin yatsa yana goga tsirkiya ɗaya can kusa da gangar jita, yana karkaɗa sautin har ya yi kamar kukan mutum. Yakan sa tsirkiyoyi masu kauri, ya ɗaga su nesa da wuya don kada bututun ya riƙa bugun katako, abin da ke sa wasu makaɗan da suka ɗauki jitarsa su ga ta yi musu tauri. A kundin Hard Again na 1977, wanda Johnny Winter ya shirya, jitocin da ake ji na Winter ne da Bob Margolin.