Ranar da gini ya kai iyakar tsayinsa

A wurin ma'aikatan gini, ranar yanke ƙyallen buɗe gini ba tasu ba ce. Ta mai gida ce da manyan baƙi, kuma kafin ta zo birkila da mai ɗaurin rodi sun daɗe da komawa wani aikin. Tasu ranar ita ce wadda gini ya kai iyakar tsayinsa, ko filasta ba a yi ba, balle fenti. Aikin kula da gini ne ya koya mini girmama wannan rana.

Al'ummomi da yawa sun ware mata biki. A Jamus, idan kafintoci sun gama haɗa katakon rufi, sai a rataye kambin ganye a can sama, babban kafinta ya hau ya yi wa gidan fatan alheri cikin baitoci, ya sha abin sha, ya jefo kofin gilashin ƙasa ya tarwatse. Masu haɗa ƙarfe a Amurka kan shafa wa ƙarfen ƙarshe farin fenti, kowa ya rubuta sunansa, a ɗaura masa ƙaramar bishiya da tuta kafin a ɗaga shi. Ta mutanen Holan ce ta fi ba ni dariya: a kafa tuta a saman gini, ba za a sauke ta ba sai mai gida ya shayar da ma'aikata. In ta kwana biyu tana kaɗawa, unguwa duka ta san marowaci ne.

Mu a nan ba mu da bishiya ko tuta, amma duk wanda ya ga ranar zuba dekin ƙarshe ya san rana ce ta daban. Tun asuba injin kwaɓa kankare ke ruri, leburori na hawa da sauka da kwanon sarki a ka, kuma ba a tsayawa sai an gama, don kankaren da aka bari ya fara daskarewa ba ya haɗuwa da sabo yadda ake so. Mai gida mai hankali yakan kawo abinci da goro, wani ya yanka dabba ya yi sadaka, a yi addu'a tunda an kai sama babu wanda ya faɗo. Ni yanzu nakan gaya wa mai gida tun da wuri: "Alhaji, ranar nan a tanadi abinci, kuma kuɗin leburori ya fito kafin magariba." Wanda ya wuni yana ɗaukar kankare bai kamata a ce masa ya dawo gobe ba.

Sai dai murnar tana da nata haɗarin. Mai gida yana ganin rufi sai ya ɗauka an gama, alhali Burj Khalifa, doguwar hasumiyar nan ta Dubai, ta kai iyakar tsayinta na mita 828 a Janairun 2009, ba a buɗe ta ba sai Janairun 2010. A ƙananan gine-ginenmu wannan ɗoki ne ke sa a matsa wa kafinta ya kwance katako da sandunan da suka tokare dekin kafin lokaci. Kankare na buƙatar ban ruwa na aƙalla kwana 7, kuma a kwana 28 ake auna ƙarfinsa. Shi ya sa washegarin walima nake sammako, in tabbatar an zuba ruwa, babu kuma wanda ya taɓa sanda ko ɗaya.