Kalmomi 12 sun kwantar mini da kwamfuta

Asabar, bayan isha'i.

Da sassafe Yaya ta aiko mini da saƙon murya. Za ta buɗe shafin sayar da turaren wuta da humra a Instagram, suna ya gagare ta. "Auta, tunda kullum kana kan kwamfutar nan, haɗa mini kalmomin nan ta kowace fuska in zaɓa." Ta lissafo guda 12: gida, fada, ƙamshi, turare, humra, amarya, sarauniya, zinariya, alheri, albarka, lambu, kasuwa.

Na ce, "An gama, Yaya, kafin ki sauke kunu." Ashe ni zan sha kunya.

Na buɗe Python, yaren da nake ba kwamfuta umarni da shi, na kirawo kundin kayan aikinsa mai suna itertools, na miƙa wa permutations, umarnin da ke jera abubuwa ta kowane tsari, jerin gaba ɗaya, ban gaya masa kalma nawa nake so a kowane suna ba. Don ƙarin ganganci kuma na zuba sakamakon a cikin list, wato jerin da ke tara komai a ƙwaƙwalwar kwamfuta, wai in ga komai a lokaci guda. Fanka ta fara kuka, linzami ya ƙi motsi, ƙasan na'urar ya ɗau zafi har sai da na ɗauke ta daga cinyata. Ƙarshe dai na danne maɓallin kashewa.

Sai da na ɗauki biro na gane ɓarnar. In ba ka faɗi tsawo ba, permutations yakan jera dukkan kalmomin ne ta kowane tsari: 12 sau 11 sau 10, haka har zuwa 1. Jimla 479,001,600. A ƙiyasina, ajiye su a ƙwaƙwalwa zai ci sama da gigabait 60, ni kuwa 4 gare ni. Abin haushin, shi permutations ɗaya bayan ɗaya yake miƙo su, ba ya tarawa. Ni ne na ce a tara. Kuma wa zai raɗa wa shago suna mai kalma 12?

Bayan azahar na dawo da hankalina. Kalma biyu-biyu, sunaye 132. Uku-uku, 1,320. Na ɗan gwada wani umarnin mai suna combinations, ya ba ni 66 kacal a biyu-biyu, domin a wurinsa "ƙamshi, amarya" da "amarya, ƙamshi" abu ɗaya ne. A Hausa kuwa Ƙamshin Amarya daban, Amaryar Ƙamshi daban, don haka na koma kan permutations.

Nan ne aikin gaske ya fito. Na'ura tana ta zubo "gida ƙamshi", "fada turare", kamar maganar baƙon da ya sauka jiya. Na rubuta ƴar ƙa'ida: in kalmar farko ta ƙare da a, a liƙa mata r, in ba haka ba a sa n. Fadar Turare ta fito daidai, Lambun Ƙamshi ma haka. Sai ga "Gidar Humra". Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Gida namiji ne duk da a ɗin da ke ƙarshensa, dole na cire shi daga ƙa'idar na rubuta masa nasa da hannu.

Da magariba na tura mata 132 ɗin. Ta amsa da cewa sun yi mata yawa, in tsamo mata biyar. Na tsamo da idona, Fadar Ƙamshi na sa a sama. Har yanzu shiru, amma na ga alamar ta buɗe saƙon.